Amsoshin tambayoyinku: hular kwanon sojan laimar Jamus, ta bayan yaƙi ce ko ta bogi?

Assalamu alaikum jama'a. Tun da muka taɓo zancen hulunan kwano na tsofaffin sojoji saƙonni suke ta shigowa, kuma yawancinsu a kan ta sojojin laimar Jamus ne, wato masu dirowa daga jirgi. Na zaɓo shida. Masu turo hoto ɗaya tak da aka ɗauka da daddare daga nesa su ce in faɗi kuɗinta, ku yi haƙuri, ba abin da mutum zai gane a irin wannan hoton.

Tambaya: Malam ni ɗalibi ne a Hamburg. Ran Lahadi a kasuwar gwanjo na ga wata hula kewayayya, ba ta da baki a goshi ba ta da kariyar ƙeya. Mai ita ya ce ta farkon sojojin Jamus ta Yamma ce, ya sa yuro 350. Ya zan gane gaskiya yake faɗa?

Amsa: Ƙanina ka kyauta da ka tambaya kafin ka zaro kuɗi. Wannan fasalin da ka kwatanta asalinsa na hular lokacin yaƙin duniya na biyu ne, wadda masu tara kaya ke kira M38. An rage mata baki da ƙeya ne don kar iska ta fizge ta ko igiyar laima ta sarƙe lokacin dira. To bayan an ci Jamus da yaƙi a 1945 sai da ta yi shekara goma ba ta da soja. A watan Nuwamban 1955 aka kafa Bundeswehr, wato rundunar sojan Jamus ta Yamma, kuma gwamnatin lokacin ba ta son sabon sojanta ya fito da kamannin na Hitler, shi ya sa a 1956 suka ɗauko samfurin hular Amurka M1, mai ƙarfe a waje da wata hula mara nauyi a ciki. Dakarun tsaron iyaka da a lokacin ake kira BGS, waɗanda aka kafa tun 1951, su ne suka ci gaba da sa tsohon fasalin Jamus, don su ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida suke.

Sojojin laima kuma an fara haɗa su a 1956 zuwa 1957, makarantarsu tana Altenstadt a jihar Bavariya. A ƙarshen shekarun 1950 an yi gwajin wasu huluna masu kama da M38 ɗin, amma ba a karɓe su ba, kuma kaɗan aka yi. Wadda aka tsaya a kai a farkon shekarun 1960 ita ce 1A1 LL, wadda in ka hango ta za ka ce ta Amurka ce, sai ka matso ka ga kan kusoshi a waje waɗanda suka riƙe kayan ciki, da maɗaurin haɓa mai rassa da yake zagayowa ta bayan kunne har ƙeya. Ka ga ke nan hular da yawancin sojojin laimar Jamus ta Yamma suka sa ba ma irin wadda ka gani ba ce.

Saboda haka taka ɗayan uku ce. Ko dai ta gwajin nan ce, wadda samunta a teburin gwanjo sai babban rabo, ko irin ta GSG 9 ce, rundunar 'yan sanda ta musamman da aka kafa a 1972 bayan harin da aka kai a gasar Olympics ta Munich, waɗanda suka yi amfani da hula mai wannan fasali, su ne suka kuɓutar da fasinjojin jirgin Lufthansa a Mogadishu a watan Oktoban 1977, ko kuma kwaikwayo ce sabuwar ƙira. Ka koma ka ce ya ba ka ka juya ta. Ka ɗauki hoton cikin, da hatimin da ke jikin ƙarfen, da wanda ke jikin fatar, da kowace kusa ɗaya bayan ɗaya. In ya hana ka ɗaukan hoto ka yi masa sallama. Kuma kai ɗalibi ne, yuro 350 kuɗin cefanenka ne na wata, ni dai ban ba ka shawarar ka saya ba ko da ta tabbata.

Tambaya: An ce tsofaffin kayan Jamus suna da jan makuri a ciki, wai in hular ta ja allura ana sayenta miliyoyi. Gaskiya ne? Daga Kano.

Amsa: Ba gaskiya ba ne. Ƙarfe ne da fata da roba da fenti, ba komai a ciki. Wannan ƙaryar ce ta sa aka farfasa tsofaffin kekunan ɗinki da fitilu a banza. Duk wanda ya zo maka da allura a hannu kuɗinka yake nema.

Tambaya: Ranka ya daɗe, na samu wani a intanet yana sayar da M38 ta lokacin yaƙi, da tambarin mikiya a gefe, da hatimin ET71, dala 1,200. Ya ce wasu mutum biyu na jira, in tura kuɗi kafin gobe. Hotuna sun yi kyau sosai. In tura? Ɗan kasuwa, Abuja.

Amsa: Alhaji kar ka tura. Wallahi kar ka tura. Ka zauna mu yi maganar nan da kyau don ba kai kaɗai ba ne, kuma abin yana ci min rai.

M38 ta gaske mai tambarinta na asali dubban daloli ake sayenta, kuma masu neman ta a Turai da Amurka sun fi hulunan yawa. To me zai sa wanda yake da ita ya tsallake duk waɗannan ya neme ka a Abuja ya karya maka farashi har yana roƙonka ka yi sauri? Araha ba ta ado Alhaji. Shi kuma zancen wasu na jira tsohon salo ne, so yake ya hana ka kwana da shawara.

Hatimin ET71 da ya burge ka, ga ma'anarsa. ET kamfanin ƙarfe ne na garin Thale, shi ya ƙera hulunan sojan laima lokacin yaƙi, daga baya aka sauya alamar zuwa ckl da ƙananan baƙaƙe. Lambar kuma girman kwanon ce, 66 ko 68 ko 71. Amma duk mai guduma da 'yan ƙarafunan buga lamba zai iya buga ET71 a jikin komai. Kuma ka riƙe wannan: bayan yaƙi Thale ya faɗa ɓangaren Jamus ta Gabas, don haka hular da aka ƙera wa Jamus ta Yamma ba ta da haɗi da wannan hatimi. In ka ga kwano mai siffar bayan yaƙi da ET a jiki to hannu ya taɓa shi.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne yadda ake yin jabun. Ba duka daga sabon ƙarfe ake yi ba. Sai su samu hular bayan yaƙi lafiyayya, irin ta 'yan sandan nan, wadda ita ma tana da tarihinta da darajarta, su cire kayan cikinta su watsar, su toshe ramukanta da walda, su huda sababbi inda na M38 suke, su goge hatimin asali su buga na ƙarya, su fesa fenti su liƙa mikiya, sannan su bi ta da yashi da gishiri da hayaƙi har ta yi kamar ta sha wahalar fagen daga. An kashe abu na gaske an haifi na ƙarya, kuma ba mai iya dawo da ita yadda take. Ga shi masu saye ne ke ɗaure musu gindi, domin mu ne muke raina hula in aka ce ta 1960 ce, muna jin an ce mikiya sai hankali ya tashi.

Ga abin da za ka duba in ka nace. Ka sa ya haska cikin kwanon da tocila a karkace, inda aka yi walda aka goge yakan nuna ɗan tudu ko kwari kusa da ramin kusa, fentin wurin ma yakan fi kauri. Ka dubi kusoshin guda huɗu, biyu a gefe biyu a baya. Na farkon yaƙi suna da 'yan ramuka biyu na sifana ta musamman da ramin iska a tsakiya, na baya kuma tsaga gare su irin ta sukudireba. In bakin ramin ko tsagar yana ƙyalli da sabon karce alhali an ce ba a taɓa kwance ta ba, an kwance. Ka dubi tsufan, dole ya tafi tare. Fata ta yi baƙi da gumi a goshi amma zaren ɗinkin fari tas, ko waje duk ƙuje amma mikiya ba ko tabo, ko tsatsa ja sabuwa mai fita a yatsa maimakon tsohuwa mai duhu da ta kama jiki, duk alamu ne. Wanda ya riƙe a hannu ya sansana ma, tsohuwar fata warin ɗakin ajiya take, jabu kuma sau da yawa warin sabon fenti ko gam ko hayaƙi. Kai kuwa hoto kawai ka gani, hoton ma wa ya sani ko na wata hular ce daban. Ka ce ya rubuta kwanan watan yau a takarda ya ajiye kusa da ita ya ɗauka, da yawa a nan suke ɓacewa.

Sannan lissafi. Dala 1,200 ka buga ta a canjin yau, ka ɗora kuɗin aikowa, ka ɗora na kwastan in ma sun sake ta, don kayan soja ne kuma za su yi tambaya. In ta iso jabu wa za ka kama? A ina? Nan gida kuma in ka tashi sayarwa ba kasuwarta, ba dillalin da zai taya. Ga mikiyar nan alamar 'yan Nazi take riƙe da ita a ƙafa, wadda a Jamus kanta doka ta hana nuna ta a fili, kuma mutanen da suka yi aiki da wannan alama sun hallaka miliyoyin bayin Allah. Ni ban ga abin alfahari a rataye ta a falo ba. In tarihin ne ya ja ka, nemi 1A1 LL ta gaske wurin mai sayarwa da ya yarda a rubuce zai karɓi kayansa in ba su yi ba. Kuɗinta bai kai kusa da wannan ba, kuma masu jabu ba su cika wahalar da kansu a kanta ba.

Tambaya: Malam mahaifinmu ya rasu bara. Ya yi aiki da Jamusawa a sansanin sojan sama na Kaduna a da, ya bar wata hular ƙarfe a akwatinsa. Fatar ciki ta bushe tana tsagewa. Yayana ya ce a shafa man kaɗanya a yi mata fenti, ni kuma tsoro nake kar a ce mun ajiye kayan soja. Na rasa yadda zan yi.

Amsa: Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta, ke kuma 'yar'uwa ki kwantar da hankalinki. Labarin ya yi daidai da tarihi, Jamusawan Yamma ne suka taimaka aka kafa rundunar sojan saman Najeriya, shugabanta na farko ma Bajamushe ne, Kanar Gerhard Kahtz, a 1963. Sai dai su harkar tuƙi da gyaran jirgi suka zo koyarwa, don haka kar ki sa rai lallai ta sojan laima ce, tana iya zama ta Ingila ma ko wata ƙasa. Ki turo min hoton ciki da waje da duk wani rubutu.

Ki roƙi Yaya ya bar fentin nan, fenti ɗaya zai shafe duk abin da za a gane ta da shi. Man kaɗanya ma a'a, zai sa fatar ta yi baƙi ta yi danƙo, ya jawo ƙura da ƙwari, ya ɓatar da hatimin da ke jiki. Ki share ƙura da busasshen ƙyalle mai laushi kawai. Kar a rataye ta da maɗaurin haɓa, zai tsinke. Kar a ƙulle ta a leda, da damina za ta yi fumfuna ƙarfen ya yi tsatsa. Ki naɗe ta a tsohon zanin auduga ki sa a kwali, nesa da rana da jikin bango mai laima. Batun tsoro kuwa, ki bar ta a gida, kar yara su sa ta su fita ko su ɗau hoto su watsa, kin san halin tsaro da ake ciki. In akwai katin aikin Baba ko hotonsa da kaki ki haɗa su wuri ɗaya da ita. Kuma tunda cikin kayan gado take, ku yi magana da sauran magada kafin wani ya ce zai sayar ko zai kyautar.

Tambaya: A Yamai wani ya nuna min hula ya ce ta sojojin Jamus ce da suka tashi, wai tsohuwa ce mai daraja.

Amsa: Waɗanda suka bar Yamai a watan Agustan 2024 ba hular ƙarfe suke sawa ba. Tun 1992 Jamus ta koma hular zare mai tauri irin na rigar sulke. Ba tsohuwa ba ce, kuma kayan soja na yanzu da ba ka san ta inda suka fito ba wahala za su jawo maka. Ka bar masa abarsa.

Tambaya: Zan iya hawa babur da irin wannan hular?

Amsa: Haba Malam. A'a. Robar cikinta ta shekara sittin ta riga ta mutu, maɗaurin ma da ja ɗaya zai iya tsinkewa, kuma ba don faɗuwa a kwalta aka ƙera ta ba. Je ka sayi hular kwanon babur.

Mai tambaya a kan hular da aka ce ta Jamus ta Gabas ce amma da rubutun Poland a ciki kuma, eh, sojojin laimarsu sun daɗe suna sa hular ƙirar Poland da ake kira wz. 63, don haka rubutun Poland a ciki ba ya nufin an cuce ka, amma shi kaɗai ba ya nuna Bajamushe ne ya sa ta. Ka turo hoton cikin mu gani a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.