Mafarkin jarrabawa, dannau da mai tuna bara

Wani ɗan uwa daga Funtuwa ya rubuto cewa ya daɗe da barin kwaleji, har 'ya'yansa sun shiga sakandare, amma bai daina mafarkin an raba takardun jarrabawa shi kuwa yana ta neman ajin bai gani ba. Da safe in ya ɗauko labarin, daga nan sai ya zarce hirar ɗakin kwana da garin kwakin da suke jiƙawa, sai uwargida ta ce masa, "Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba." Shi kuma ya mayar mata da "Waiwaye adon tafiya." Yana tambaya: wa ya fi gaskiya?

Malam, ba zan shiga tsakaninka da uwargida ba, amma ku biyun ba abu ɗaya kuke magana a kai ba. Karin maganarta daga bakin manomi ya fito. Wanda rumbunsa ya cika bana ba ya zaman lissafin damin da ya ɗaure bara. Sai wanda damina ta yi wa gardama. Wato tuhuma ce take yi maka cikin ladabi, tana tambayar abin da ka rasa yanzu. Naka kuwa na matafiyi ne, wanda ke juyawa ya ga nisan da ya ci, ƙafarsa ba ta tsaya ba. Karin magana ba doka ba ce da za a ce wannan ta soke waccan, kowanne da wurin da ake ajiye shi. A ganina, in hirar kwalejin tana ƙarewa da dariya, waiwaye ne. In da ajiyar zuciya take ƙarewa, to uwargida ta kama ka.

Akwai na uku da ba ku ambata ba: "Tuna baya shi ne roƙo." Maroƙi ba ya cewa ba ni, sai ya tuna maka kyautar kakanka. Duk wanda tsohon abokin ajinsa ya kira shi ya fara da "ka tuna lokacin da muke cin garau-garau a kwano ɗaya?" ya san inda zancen zai sauka.

Ita kalmar kwaleji aro ce daga Ingilishi, jami'a kuma daga Larabci. Kwaleji ta zauna a bakin mutanenmu tun zamanin Kwalejin Katsina, inda Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka yi karatu. An mayar da ita Kaduna a 1938, daga baya Zariya, ita ce Barewa ta yau.

Tambaya ta biyu daga wata Malama ce a Maraɗi. Ta ce lokacin tana ɗaliba, daren jarrabawa ta taɓa farkawa idonta biyu, tana jin munsharin 'yar ɗakinsu, amma ko yatsa ta kasa ɗagawa, kamar an ɗora mata turmi a ƙirji. Aka ce mata dannau ne. Mene ne asalin kalmar, kuma mafarki ne ko ba mafarki ba?

Malama, kalmar daga danne take. Hausa kan liƙa -au a ƙarshen aikatau ta samar da sunan mai yawan aikata abu: mai mantuwa mantau, mai makara makarau, mai danne mutane dannau. Kin ga tun a ginin kalmar an riga an yanke cewa akwai wani mai yin aikin, shi ya sa iyayenmu suka ɗauke shi aljani. Likitoci kuwa sun ce a matakin barcin da ake mafarki jiki kan saki gaba ɗaya don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani. Wani lokaci hankali kan riga jiki farkawa, sai mutum ya tsinci kansa a tsakani na 'yan daƙiƙoƙi ko mintoci kaɗan. Rashin isasshen barci da kwanciya rigingine na ƙara jawo shi, don haka ban yi mamakin da ya same ki a makon kwana karatu ba. Ba magagi ba ne, don mai magagi jikinsa ya tashi hankalinsa ne ke baya. Dannau akasin haka ne.

Kin rubuta mafalki, kika tambaya ko kuskure ne. Ba kuskure ba ne, karin harshenku ne na yamma, kamar halshe da harshe. Sai dai a kula da wuri guda: in aka ce yaro "ya fara mafarki", ba labarin abin da ya gani a barci ake ba, sakaya zance ce, ana nufin ya balaga. Na taɓa jin wani baƙo mai koyon Hausa ya faɗe ta a gaban surukan abokinsa, yana nufin ɗansa ɗan shekara huɗu ya soma ba da labarin mafarkinsa. Tsohuwar gidan sai ta ja mayafi ta rufe baki.