Tambaya da Amsa: Otel ɗin katako da ya haura shekara 130 a bakin teku

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni magini ne a unguwar Zariya, nan Maradi. Fatake masu zuwa Kwatano da Lome kan ba mu labarin benayen bakin teku da suka tsattsage tun ba su tsufa ba. Sai kuma na ji wai akwai otel na katako a Amurka da ya haura shekara 130 yana aiki. Yaya katako zai fi kankare ƙarko?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba ƙarya aka faɗa maka ba. Sunansa Hotel del Coronado, yana kusa da birnin San Diyego a jihar Kalifoniya, bakin tekun Fasifik. Elisha Babcock da Hampton Story ne suka sa aka fara gininsa a 1887, aka buɗe shi a 1888, kuma a 1977 gwamnatin Amurka ta sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa.

Sai dai ba ƙarfin katako ya raya shi ba, gyara ne da ba ya yankewa. Katako ba ya ruɓewa sai laimar cikinsa ta wuce kashi 20 cikin 100. Don haka masu kula da irin wannan gini rufi da indararo suke fara dubawa. Su karce tsohon fenti su shafa sabo, su yanke wurin da ya ruɓe kaɗai su dasa irinsa, da ƙusa marar tsatsa.

Kankare kuwa ciwonsa a ɓoye yake, shi ya sa ya fi haɗari. Iskar teku na ɗauke da gishiri, yana ratsa siminti a hankali har ya tarar da rodi. Rodi ya yi tsatsa, tsatsar ta kumbura fiye da ninki biyu na ƙarfen da ta ci, ta fasa kankaren daga ciki. Kafin ido ya ga tsaga, ɓarna ta yi nisa.

Rigakafinsa tun ranar zubi ne. A bakin teku, kankaren da ya rufe rodi kada ya gaza santimita 5. Buhun siminti mai kilo 50 kada ya sha ruwa fiye da lita 20 zuwa 22 (a nan lebura ke cutar gini, ya ƙara ruwa don kwaɓi ya yi masa laushi). Yashin teku da ba a wanke ba, kada a kusance shi.

In ya riga ya kamu, a bi ginshiƙi da guduma. Inda ya yi amon holoƙo a fasa, har santimita 2 bayan rodin, a goge tsatsa da buroshin ƙarfe, a ƙara sabon rodi in tsohon ya sirance, sannan a cike. Yaɓe kan tsatsa asarar siminti ce.

Ku ma da ke nesa da teku, in kuka ga farin gari na fitowa a gindin katanga, musamman wajen gulbi, gishirin ƙasa ne laima ke hawowa da shi. A shimfiɗa leda mai kauri ko kwalta saman tushe kafin a ɗora layin bulo na farko.