Tsohon Kaset Ɗin Wasa: Dukiya Ko Tarkace?

Tambaya: Malam, yayana ya bar mini kaset-kaset na na'urar wasan bidiyo ta Nintendo 64, har da Super Mario 64. Na ji an sayar da irinsa da miliyoyi. Nawa babu kwali, takardar jikinsa ma ta koɗe. Na yi arziki ke nan?

Amsa: Ƙanena, kada ka fara zaɓen mota tukuna. Gaskiya ne, a watan Yulin 2021 kamfanin gwanjo na Heritage a Amurka ya sayar da Super Mario 64 kan dala miliyan 1.56. Sai dai wancan ba a taɓa ɓare ledarsa ba, kuma kamfanin tantance wasanni mai suna Wata ya ba shi maki 9.8 cikin 10. Wasan kansa, wanda ya fito a 1996, an sayar da kwafi fiye da miliyan 11, ba ya wuyar samu. Abin da ke wuya shi ne wanda yaro bai taɓa ba. Ni dai a ganina farashin nan zazzaɓin kasuwa ne, kuma ya sauka daga baya.

Kaset tsirara irin naka shi ne mafi araha. Mai kwali da ɗan littafinsa ya ninka shi, domin kwalin takarda ne, yawanci shara aka kai shi.

Kada ka ce za ka gyara takardar ko ka liƙa sabuwa. Masu tarawa sun fi son tsohuwa ta asali ko da ta koɗe. Goge haƙoran kaset ɗin, wato ƙarafan bakinsa da ke shiga na'ura, da auduga da ɗan sifirit, ka nisanta shi da rana da danshi. Kafin ka sayar, duba farashin da aka saya, ba wanda masu talla suka yanka ba.