Rimot ɗaya ga talabijin, dikoda da na'urar sauti

Malam, kana so rimot ɗaya ya riƙe talabijin, dikoda da na'urar sauti, ka huta da laluben guda uku a ƙarƙashin kujera. Zai yiwu, da sabon rimot na gama-gari wanda ke aiki da na'urori daban-daban.

Fara duba bayan kowace na'ura, ka rubuta sunan kamfani da lambar samfurinta. Da su za ka nemo lambar saiti a takardar sabon rimot ɗin. In babu, koya masa: ajiye tsohon da sabon baki da baki, tazarar yatsu biyu, ka riƙa danna maɓalli ɗaya bayan ɗaya. Sa sabon batir tukuna, mai rauni yana ɓata aikin.

Inda na sha wahala shi ne maɓallin da ke kunna komai gaba ɗaya. Talabijin ɗina yakan ɗan jima kafin ya farka, sai rimot ya tura umarnin komawa HDMI 1 (mashigar wayar da ke kawo hoto) tun bai shirya ba, allo ya tsaya baƙi ƙirin. Da na sa jinkirin daƙiƙa 5 a tsakani, matsalar ta kau. In ka ga na'urorin suna kunna juna ba ka umarce su ba, kashe saitin da ke haɗa su ta wayar HDMI: Anynet+ a talabijin ɗin Samsung ko SimpLink a na LG.

Fire TV Stick (na'urar kallo ta intanet da ake sokawa a talabijin) da Bluetooth yake aiki, rimot mai infrared (siginar haske da ido ba ya gani) kaɗai ba zai motsa shi ba. Tambayi mai shago kafin ka biya.

Idan kayanka suna cikin kabad mai rufi, kira mai haɗa kayan sauti ya sa maka na'urar da ke isar da siginar ciki.