Tele sabuwa tana dushewa da kanta, in maida ta ko in riƙe?

Wani bawan Allah daga Garin Malam ya rubuto yana cewa: "Na sayi tele mai inci 43, a kanti hoton kamar ka sa hannu ka taɓa, amma a gida da an kashe fitila sai ta dushe, fuskoki su yi duhu. An cuce ni ne, in maida ta?"

Malam aje kwalin tukuna, lafiyarta lau. Akwai wani ɗan ido a ƙasan tele, galibi kusa da inda kake saita telekomand, aikinshi kenan auna hasken ɗaki, in ɗaki ya yi duhu ya rage mata haske in rana ta shigo ya ƙara. Ka gwada yau da dare, kunna tocin salula ka haska wurin ka ɗan jira, za ka ga hoton yana tashi a hankali. In ka ga haka to ba ciwo ba ne, shiga menu ka nemo Mode Éco ko Capteur de lumière, a LG kuma Économie d'énergie, ka kashe. Ka riƙa goge wurin ma, don ƙurar hunturun Damagaram in ta lulluɓe idon nan sai tele ta ɗauka kullum magariba ce.

Shi kuwa hoton kanti da ya ruɗe ka, ai kwalliyar amarya ce. Masu kanti suna barin ta a Mode Magasin, wato saitin kanti, haske har ƙarshe, kala ta yi ihu, fari ya koma shuɗi-shuɗi don ta fi ta kusa da ita jan ido, in ka zauna gabanta awa biyu cikin duhu kanka ne zai gaya maka. Maida ta Mode Maison, wato saitin gida, sannan wajen hoto ka zaɓi Cinéma, ko Filmmaker in tana da shi, wannan daga teloli na 2020 ya fara fitowa. Ranar farko za ka ce hoton ya yi rawaya kamar an zuba mishi kurkum, yi haƙuri kwana biyu, farin da masu haɗa fim ke aiki da shi kenan, kelbin 6500 a ma'aunin kalar haske, idonka ne ya saba da shuɗi.

Inda mutane ke ɓata shi ne Luminosité. A teloli da yawa wannan ba hasken fitilar bayan gilashi ba ne, zurfin baƙi yake taɓawa, in ka ɗaga shi baƙi ya koma toka. Fitilar baya ita ce Rétroéclairage, sai dai sababbin Samsung sun maida sunan nata Luminosité, su ma dai da neman rikita mutane. Ni yadda nake yi, in tsaida hoto kan mai baƙin hijabi in rage saitin zurfin baƙin har ninkin yadin ya kusa ɓacewa sai in ƙara ɗaya, Contraste kuma, mai taɓa ƙarfin fari, da farar babbar riga nake gwadawa, in aikin wuya ya narke cikin farin to ya yi yawa. Netteté, wato kaifin hoto, a sauke shi ƙasa sosai.

Wata Hajiya daga Birni ta ce mai gyara ya nemi jika biyar wai zai yi wa telenta kalibrasho, wato daidaita kala da hasken hoto. Hajiya, kalibrasho na gaskiya da na'ura ake yi, a manna ta jikin gilashi a haɗa da ordinata ana aunawa har awoyi. In telekomand kaɗai ya riƙo, ba yaronki wannan rubutu ya karanta, jika biyar ɗin a kai Kasuwar Dole a yi cefane.

Sai ƙanena mai gidan kallon ƙwallo a Sabon Gari, yana aiki da sola kuma yana so ya bar haske a 100 kullum. Kar ka yi. Fitilun baya su suka fi komai shan wuta a tele, batirinka ba zai kai ka ƙarshen wasan dare ba, ga zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40 ƙarƙashin kwano, haka fitilun ke ƙonewa a wayi gari ana jin murya babu hoto. Sa labule mai kauri ta inda rana ke shigowa, ka bar hasken wajen rabi, wasan yamma kaɗai za ka ɗan ƙara mishi.