Tambaya da Amsa: Sun haddace jigo da salo amma sun kasa rubuta labari

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar Hausa ce a wata sakandaren 'yan mata, ina ɗaukar 'yan SS2. Wallahi in ka tambaye su mene ne jigo ko zubi da tsari za su zubo maka kamar karatun allo, amma da na ce kowacce ta rubuto min labari shafi ɗaya sai ga fim ɗin da suka kalla jiya, wasu ma littafin soyayya na waya suka kwafo har da sunaye. Dan Allah ta ina zan ɓullo wa abin?
Wata malama daga Gusau

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya saka da alheri. Gaskiya ni ban ga laifin yaran ba, mu ne muke ba su sunan abu tun ba su ga abin ba.

Gwada wannan. Ki shiga aji ki ajiye not ɗinki ki ce "ga ta nan ga ta nanku", duk jin girmansu sai sun amsa "ta zo mu ji ta". Ki sa ɗaya ta kawo tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, in ta kai ƙurunƙus sai ki fara tambaya, wa ya fi tsaya muku a rai? To shi ne tauraro. Me ya fara faruwa, me ya jawo na bayansa? Zubi kenan. Da kalma ɗaya labarin a kan me yake? Za ki ji wata daga baya ta ce kwaɗayi, to ta gano jigo da kanta, sai a lokacin ki hau allo ki rubuta sunayen.

Inda na fi so ki daɗe shi ne tauraro. Ki rubuta "tsohuwar marowaciya ce", ki ce kowacce ta nuna miki rowar ba tare da ta ambaci kalmar ba. Zai ɗau lokaci, za su yi ta goge-goge, amma dai wata za ta rubuta cewa jikan tsohuwar ya roƙi kuɗin ƙosai, ta kwance bakin zani ta ciro naira hamsin ta juya ta ta sake juyawa, ta mayar ta ƙulle ta ce ai maiƙo ba ya da kyau da safe. Ki sa ta miƙe ta karanta wa aji. Adon harshe kuwa yana bakinsu tuntuni, mai cewa "yunwa ta kama ni" ta yi mutuntarwa, mai cewa "fari tas kamar auduga" ta yi kamance.

Maganar kwafar fim kar ki yi faɗa, iyaka za ki sa musu, labarin dole ya faru tsakanin ƙofar gidansu da get ɗin makaranta, ko layin ɗiban ruwa, ko gidan biki. Kuma dan Allah jan biron nan a sassauta masa a zagayen farko, yarinya in ta ga takardarta ta yi jawur saboda ƙ da ɗ ba za ta ƙara sakin jiki ba, gyaran ƙa'idojin rubutu ya jira zagaye na biyu. Na san akwai WAEC da NECO a gaba, amma wadda ta gina tauraro da hannunta ba ta manta ma'anarsa a ɗakin jarrabawa.

Ki kuma faɗa musu Abubakar Imam matashin malami ne a Katsina lokacin da ya shiga gasar rubuta littattafai ta 1933 da ta haifar da littafinsa Ruwan Bagaja, kuma tun 2016 BBC Hausa ke gasar gajerun labarai ta Hikayata ta mata zalla. In kun gwada na tsohuwar nan ki turo mana guda biyu da suka fi burge ki, ina so in karanta.