Hukuncin Laƙaba wa Mace Sunan "Magajiya"

Tambaya: Malam, daga Tudun Wada, Kaduna nake. Matar yayana mace ce mai faɗa a ji, ita ke riƙe da kuɗin cefane da adashin matan layinmu, har dangi suka laƙaba mata "Magajiya", ita kuwa ranta yana ɓaci. Mene ne asalin kalmar, kuma ya halatta mu ci gaba da kiranta haka?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Kalmar ta fito ne daga "gado": namiji magaji, mace magajiya. Sarauta ce tsohuwa a ƙasar Hausa, domin tarihin baka ya nuna da ita ake kiran sarauniyoyin Daura har zuwa kan Daurama, wadda aka ce Bayajida ya aura bayan kashe macijin rijiyar Kusugu. Daga baya aka ari sunan aka ba shugabar 'yan bori da uwar gidan karuwai, kuma wannan ma'ana ta biyun ce ke fara faɗo wa mutanen birni a rai.

Saboda haka hukuncin yana bin niyyar mai kira, da al'adar gari, da yardar wadda ake kira. Tun da ta nuna ba ta so, kiranta da shi haramun ne, domin Allah Ya hana jifan juna da miyagun laƙubba a Suratul Hujurat, aya ta 11. Idan kuwa wani ya faɗa yana habaicin cewa mazinaciya ce, abin ya kai ga ƙazafi, kuma malaman Malikiyya suna tsayar da haddin bulala 80 ko a kan habaici, matuƙar manufar ta fito fili.

Ƙarfin halin nata ba laifi ba ne. Buhari ya ruwaito Sayyidina Umar yana cewa Ƙuraishawa sun saba rinjayar matansu, sai suka tarar a Madina matan Ansar ne ke rinjayar mazajensu, kuma duk da haka matan Ansar abin yabo ne. Ina kuma zaton cewa yayanka ake nufi da gugar zanar, wato "mijin ta ce" ake kewaya wa. In ya ɗora mata cefanen da yardarsa, shugabancin gida da aya ta 34 ta Suratun Nisa'i ta ba shi yana nan a hannunsa. Ku nemi afuwarta, ku koma kiranta Yaya ko da sunan ɗanta na fari. Allah ne Mafi sani.